Yadda ake karanta sunan motar Porsche

Ka tsaya a bayan wata mota ka ga an rubuta "911 Carrera 4 GTS", ko ka ci karo da tallar da ke cewa "992.1 Targa 4S", kana iya ɗauka kwalliyar kasuwa ce kawai. Alhali kowace lamba da kowane harafi suna da aikinsu, kamar cikakken sunan mutum: akwai na gida, akwai na tsara, akwai sarautar da aka naɗa masa. Idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama, za ka san inji da ƙarfi da shekarun motar tun kafin a tayar da ita.

Mataki na ɗaya: nemo gidan da ta fito

Tun da Ferdinand Porsche ya buɗe ofishin zanen injuna a Stuttgart ta ƙasar Jamus a 1931, duk aikin da ya shigo sai an ba shi lamba a rajista, mota ce ko inji ko akwatin giya. Motar farko da ta ɗauki sunan kamfanin a 1948, lambar aikinta aka bar mata: 356. Magajiyarta kuma aka nuna ta a baje kolin Frankfurt na 1963 da lamba 901. Sai kamfanin Peugeot ya ce bai yarda ba, domin a Faransa shi ke da haƙƙin sunan mota mai alƙaluma uku da sifili a tsakiya. Wanda ya taso a Arewa ya san wannan tsari ko da bai san dokarsa ba: Fijo 404, da 504 da 505 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. Porsche bai ja da nisa ba, ya cire sifilin ya sa 1. Motoci 82 kacal aka ƙera da sunan 901, sauran duk 911 ne har yau.

Saboda haka in ka ga 911, ka san inji mai silinda shida ne a kwance, uku dama uku hagu, kuma yana can bayan tayoyin baya. In ka ga 718, sunan da Boxster da Cayman suka ɗauka tun 2016, injin yana tsakiya, bayan kujerar direba, kuma mutum biyu kawai take ɗauka. Boxster, wadda ta fito a 1996, buɗaɗɗiya ce. Cayman mai rufi ce, sunan wani ɗan'uwan kada aka ba ta. Manyan motocin iyali kuwa ba su da lamba a jiki: Cayenne ta 2002 sunan barkono ne, Macan damisa ce mai zane a harshen mutanen Indonesiya, Panamera daga sunan wani tsere ta samo nata, Taycan mai lantarki ta 2019 kuma daga kalmomin Turkanci masu nufin ɗan doki mai kuzari, don a tuna dokin da ke tsakiyar tambarin kamfanin.

Mataki na biyu: gano tsararta

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin wannan lambar ba a rubuta ta a jikin mota. A bakin makanikai da dillalai take, kamar yadda a kasuwannin mota na Najeriya ake cewa "End of Discussion" kowa ya gane wace Honda Accord ake nufi. Motar 911 ta shekara sama da 60 da suna guda, dole a sami abin da zai raba kaka da jika. Ka haddace waɗannan: 964 daga ƙarshen shekarun 1980, 993 daga 1993, 996 daga 1997, 997 daga 2004, 991 daga 2011, 992 daga ƙarshen 2018. Lura da cewa 991 ta zo bayan 997. Kada girman lamba ya yaudare ka, ba lissafin ɗaya-biyu-uku ba ne.

Iyaka mafi muhimmanci tana tsakanin 993 da 996. Har zuwa 993 iska ce ke sanyaya inji, irin na tsohuwar Boswaja mai siffar kunkuru wadda shi Ferdinand ɗin ya zana. Daga 996 aka koma ruwa da lagireto. Masu tara tsofaffin motoci suna ɗaukar wannan iyaka da zafi, shi ya sa 993 mai lafiya ta fi 996 tsada nesa ba kusa ba, duk da ta girme ta. Ɗigo da ɗaya ko ɗigo da biyu, kamar 991.2, yana nuna kafin ko bayan gyaran tsakiyar zango. Wani lokaci fitila da bamba ne kawai suka canja, wani lokaci kuwa inji ne ɗungurungum.

Mataki na uku: karanta sarautarta

Carrera kalmar Sifaniyanci ce mai nufin tsere. An ɗauko ta daga Carrera Panamericana, tseren titi mai haɗari da aka yi a Meziko daga 1950 zuwa 1954, inda ƙaramar 550 Spyder ta lashe ajinta a shekarar ƙarshe. Da can, sai mota mafi zafi ake ba wannan suna, irin Carrera RS 2.7 ta 1972. Yau kuwa Carrera ita ce matakin farko na tsanin. Wanda ya karanta tsohuwar mujalla ya zo kasuwar yau da wannan fahimta zai yi kuskure.

Ga yadda tsanin yake a tsarar 992.1, da ƙarfin doki bisa ma'aunin Jamus: Carrera 385, Carrera S 450, GTS 480, Turbo 580, Turbo S 650. Harafin S ya fara bayyana a jikin 911 a 1966, lokacin da ya ɗaga ƙarfinta daga 130 zuwa 160, kuma ma'anarsa ba ta sauya ba: ƙarin ƙarfi da birki mafi girma. GTS gadon 904 Carrera GTS ne ta shekarun 1960, tana zaune tsakanin S da Turbo. Akwai kuma T, wadda injinta na Carrera ne amma an rage mata nauyi da abin tare ƙara. A ganina ita ce aka fi yi wa rashin adalci, domin masu duba alƙaluma kaɗai suna wuce ta, alhali don mai son jin mota a hannunsa aka yi ta.

Sai Turbo, kalmar da ta fi kowace buƙatar hattara. Asalinta na'ura ce da hayaƙin salansa ke juyawa ta cusa iska cikin inji, kuma 911 ta farko mai ita, wadda ake kira 930, ta shiga kasuwa a 1975. Amma tun 991.2 a 2015 hatta Carrera ta ƙasa tana da wannan na'ura, ba a kuma rubuta mata Turbo ba. Da Taycan Turbo ta fito a 2019, mota ce mai batir, babu inji balle salansa. Wannan bai kwanta mini ba, domin kalmar da ke bayanin inji ta koma laƙabi, kuma sabon shiga ne ke shan ruɗani. Duk da haka, haka za ka karanta ta yanzu: Turbo na nufin na saman tsani, ba bayanin abin da ke cikin mota ba ne.

GT3 da GT2 wani reshe ne daban, sunayen azuzuwan tsere ne. GT3 ta fara a 1999, injinta ba shi da turbo, kuma na 992 yana kai juyi 9,000 a minti da ƙarfin doki 510. Ka ga ƙarfin dokinta ya gaza na Turbo, amma ba ƙasa da ita take ba, hanyarsu ce ta rabu: Turbo ta doguwar tafiya cikin jin daɗi, GT3 ta filin tsere. GT2 kuwa tana da turbo kuma tayoyin baya kaɗai ke ja. In aka ƙara RS, daga kalmar Jamusanci Rennsport, wato wasan tsere, an ƙara rage nauyi an kuma ɗora babban fiffike a baya. GT3 mai laƙabin Touring ita ce wadda aka cire wa fiffiken baya na dindindin.

Mataki na huɗu: duba taya da rufi

Lamba 4 na nufin tayoyi huɗu ke ja, tsarin da ya fara da 964 Carrera 4. Rashinta a 911 galibi na nufin na baya ne kaɗai, sai dai 911 Turbo, wadda tun 1995 huɗu ke janta ba tare da an rubuta ba. Cabriolet rufin yadi ne mai naɗewa. Targa, da aka nuna a 1965, tsakiyar rufinta ke buɗewa, da faffaɗan ƙarfe a bayan kujeru don kare kai in mota ta kife. Sunan daga tseren Targa Florio na tsibirin Sisili ne. In ba a ambaci rufi ba, rufaffiya ce.

Akwai kuma sunayen da ake fitarwa da ƙayyadadden adadi. 911 Dakar ta 2022, guda 2,500, an ɗaga ta daga ƙasa don rairayi, tunawa da nasarar da René Metge ya yi da 911 a tseren Paris zuwa Dakar na 1984, a shekarun da ayarin tseren ke ratsa Agadas da saharar Tenere.

Mataki na biyar: gwada rubutun da lambar shasi

Haruffan bayan mota da gam ake liƙa su, kuma ana sayar da su a intanet. Carrera na iya kwana ta wayi gari da S a jikinta. Don haka kafin maganar kuɗi, nemi lambar shasi mai alamomi 17 da ke ƙasan gilashin gaba. Ta 911 da 718 da WP0 take farawa, ta Cayenne da Macan da WP1, alama ta goma kuma ita ke nuna shekarar samfurin. Ka kwatanta ta da wadda ke jikin ginshiƙin ƙofa da wadda ke takardun kwastan, sannan ka sa makaniki ya jona kwamfutarsa ya karanto abin da kwakwalwar motar ta ce game da injinta.