Darasi na Bakwai: Zanen Ƙayar Kifi, Hanyar Bin Matsala Har Tushe

Ruwa ba ya tsami banza. Idan wake ya yi ƙwari a ɗakin ajiya, ko famfon unguwa ya sake lalacewa bayan an gyara shi, akwai abin da ya jawo, kuma sau da yawa ba abu ɗaya ba ne. A wannan darasi za mu koyi wani zane da ke taimaka wa jama'a su zauna tare su tono dalilan matsala kafin su kashe kuɗi a kan gyara.

Wani malami a Jami'ar Tokyo ta ƙasar Japan, Kaoru Ishikawa, shi ya yaɗa zanen a shekarun 1960, domin ma'aikatan masana'antu su riƙa gano abin da ke sa kayan da suke ƙerawa su fito da aibi. Ya rasu a 1989, amma har yau ana aiki da zanensa a masana'antu da asibitoci. Allo da alli sun isa a yi shi. In babu, ga ƙasa ga tsinke.

Ku ja dogon layi daga hagu zuwa dama. Wannan shi ne ƙashin bayan kifi. A ƙarshensa na dama ku zana kai, ku rubuta matsalar a ciki. Nan fa a kula, domin in kai ya karkace, jiki duka ya karkace. "Ajiya ba ta da riba" magana ce mai faɗi, ba a san inda za a kama ta ba. Ku rubuta abin da ido ya gani: "Waken da muka ajiye ya yi ƙwari kafin wata uku." Daga nan sai ku fitar da manyan ƙayoyi daga ƙashin bayan, biyu sama, biyu ƙasa, ku sa musu suna: Mutane, Kaya, Hanyar Aiki, Wuri. A masana'antu sukan yi shida, amma huɗu sun wadatar mana. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna ya zana hoto: buhu, ɓera, rana.

A ɗauka ƙungiyar mata ce ta haɗa kuɗi ta sayi wake da kaka, da niyyar sayarwa idan ya yi tsada. Kowa sai ta faɗi abin da take zato, a rataya shi a jikin ƙayar da ta dace. "Bai bushe sosai ba" ya tafi Hanyar Aiki. "Buhun tsoho ne" ya tafi Kaya. Kada a hana kowa magana, musamman wadda ta cika buhunan da hannunta, don ta ga abin da shugabar ƙungiya ba ta gani ba.

Zanen bai fara aiki ba sai an shiga tambayar "me ya sa?" A kamfanin motoci na Toyota, Taiichi Ohno ya koya wa ma'aikata su maimaita ta har sau biyar. Mu gwada.

Me ya sa waken ya lalace? Ƙwari sun hayayyafa a cikin buhu. Ta ina suka shiga, alhali an rufe baki? Tun daga gona suka biyo shi. Ƙwaron yana yin ƙwai a jikin kwanso, tsutsa ta huda ƙwayar waken ta zauna a ciki tana ci, bayan kamar wata guda ta fito ta zama ƙwaro, shi ma ya sake yin ƙwai. To me ya sa ba su mutu ba, ga shi an sa waken a buhun PICS? Wannan buhu, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, leda biyu gare shi a ciki da saƙaƙƙen buhu a waje. Idan an ɗaure kowanne dabam da kyau, iska takan ƙare wa ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Ashe kenan iska ta samu hanya. Ta ina? Ɓera ya huda ledar. Me ya kai ɓera gare ta? An jibge buhunan a dandamalin ƙasa, jingine da bango, ba katako a ƙarƙashinsu.

Kun ga inda muka ɓullo. Da an tsaya a amsar farko, da an ruga kasuwa sayen maganin ƙwari, baɗi kuma a sake yin asarar. Ga kuma haɗari: ƙwayar nan da ake jefawa cikin hatsi tana fitar da iska mai guba da ke kashe mutum, kada a taɓa sa ta a ɗakin da ake kwana.

Ina roƙonku abu guda: kada a rubuta sunan kowa a jikin ƙaya. Da zarar an ce "sakacin wance ne", bakin kowa zai mutu, wance kuma ta koma kare kanta. A tambaya: an nuna mata yadda ake ɗaurin? Akwai katakon da za ta ɗora buhun a kai? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Duk abin da ke jikin zanen zato ne har sai an je an duba. A zazzage buhu ɗaya, a cika ledar da iska, a shaƙe bakinta a matsa. In ta sace, akwai huji. A ɗauki ƙwayar wake a ciza: busasshe ƙaras yake fashewa. Dalilin da aka tabbatar a zagaye shi da alli, a rubuta wanda zai gyara da ranar da zai gama.

Aikin yi: Ku rabu uku-uku ko huɗu-huɗu. Kowane rukuni ya zaɓi matsala ɗaya daga gida, gona ko sana'a, ya rubuta ta a kan kifin da kalmomin da ba su wuce goma ba. Ku bi ƙaya ɗaya da tambayar "me ya sa?" har ku kai ga abin da za ku iya gyarawa da kanku. Ku kwafe zanen a littafinku, ku je ku duba dalili ɗaya da idonku, ku zo wa aji da abin da kuka tarar a zama na gaba.