Yadda zaka kalli ƙwayar T tana gane kitse da idonka

Wannan na ɗaliban bayokemistiri da na likitanci ne, musamman ƴan ATBU da ke ta haddar CD1 a Yelwa da Gubi. Mafi yawan lakcarori MHC (mai miƙa gutsuren furotin ga ƙwayar T ta garkuwar jiki) da furotin kawai suke nanatawa, alhali garkuwar jiki tana gane maiko ma, kuma gani ya fi hadda sauƙi wallahi.

Kafin ka buɗe komai ka riƙe wannan. Mai ɗauko kitsen ya miƙa wa ƙwayar T shi ne CD1, mutum yana da guda biyar, CD1a zuwa CD1e, amma CD1e baya fitowa saman ƙwaya, aikinsa a ciki yake. Ɓera kuwa CD1d kaɗai gareshi.

Sai ka nemi laftof da data, waya ma tana yi amma zaka sha wahalar juya hoton. Shiga shafin RCSB, wato rumbun hotunan tsarin furotin a intanet, rubuta lambar 2PO6, ka buɗe hoton 3D ɗin. Wannan tsarin da ƙungiyar Jamie Rossjohn ta Ostareliya ta fitar ne a 2007, risefta (abin da ƙwayar ke gane abu da shi) ta ƙwayar NKT ta mutum, wato wata irin ƙwayar T mai gane kitse, zaune kan CD1d.

Fara da nemo kitsen a tsakiya. Sunansa alfa-galaktosilseramid, asalinsa daga wani soson teku aka samo shi. Yana da jela biyu, mai kabon 26 ta shige rami A', mai kabon 18 ta shige rami F', duka biyun sun nutse saboda bangon ramukan baya shiri da ruwa, su ma jelolin haka. Kan sukarin kaɗai ya leƙo waje, kamar rogo ne a gona, saiwa a ƙasa ganye a sama.

Yanzu juya hoton ka kalle shi ta sama, nan ne wurin da ya kamata ka ɓata lokaci. Riseftar ba ta zauna a karkace ba yadda ta sauran ƙwayoyin T take yi kan MHC, ta kwanta ne a miƙe ta gefen F'. Riseftar sarƙa biyu gareta, alfa da beta. Matso da hoton sosai zaka ga sarƙar alfa ce ke taɓa sukarin, madaukinta mai suna CDR1 yana kama sukarin, wato galaktos, CDR3 kuma ya haɗa sukarin da jikin CD1d duka ya riƙe, ita sarƙar beta CD1d kawai take taɓawa. Kaga kenan riseftar bata ganin ɓangaren jelolin da ya nutse, abin da take karantawa kan da ya fito ne da kuma fuskar CD1d. Shi yasa kusan duk irin waɗannan ƙwayoyin a jikin mutum sarƙar alfa ɗaya suke da ita, Vα24-Jα18, in jarabawa ce wannan yana fitowa.

Daga nan ka nemo CD1b ka gwada. Ramukansa huɗu ne, A', C', F' da T', shi yasa yake iya ɗaukar dogon kitsen ƙwayar tarin fuka wato maikolik asid, wanda aka gano yana miƙawa tun 1994 a ɗakin binciken Michael Brenner a Amurka. A ganina wannan ya fi shafarmu, tunda tibi cuta ce da muke gani a asibitocinmu.

In ka gama ka rufe laftof ɗin ka zana shi a takarda, ramuka, jeloli, kai, sannan riseftar a sama.