Ga masu shigowa Ingila: sunanka nawa?

Maganar sanyi ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. Ku sayi riga mai kauri, ku yi rajista da likitan unguwa, ku nemi lambar inshorar ƙasa saboda aiki. Masallaci da naman halal kuwa, a Manchester ko Birmingham ko ido rufe kake tafiya sai ka yi karo da su. Mako biyu ya ishe ku duk wannan. Abin da ya ci mini wata huɗu, kuma har yau nake kallo yana kayar da yaranmu ɗaya bayan ɗaya, shi ne suna.

A gida mutum ɗaya yana amsa suna huɗu, babu mai cewa uffan. Sunana na yanka Muhammadu, sunan kakana ne, don haka mahaifiyata ba ta taɓa furta shi ba. Ranar Alhamis aka haife ni, sai ta riƙa cewa Ɗanlami, gari ya ɗauka. Mahaifina Abubakar ne, amma a kasuwa Garba aka san shi, kamar yadda Usman ke komawa Shehu, Yusufu Maitama, A'isha Indo, Fatima Binta. Malamin firamare ya rubuta Danlami Garba, takardar sakandare ta bi sahu. A jami'a na ga na waye, na koma Muhammad D. Abubakar. Wanda ya cika mini fom ɗin fasfo kuma ya rubuta Mohammed, ya jefa Danlami a gurbin sunan iyali, ni ko dubawa ban yi ba don murnar tafiya.

Su mutanen nan sunan iyali gadonsa ake yi. Smith maƙeri ne, Taylor tela, Baker mai gasa burodi, Johnson ɗan John. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066 abin ya fara kafuwa, zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun riƙe suna guda, jika da tattaɓa-kunne duk shi suke ja. Mu ma muna da Maigoro da Dogo da Wanzam, sai dai namu yakan tafi da mai shi, ɗa kuma sunan ubansa yake ɗauka. Manyanmu ma da sunan gari aka san su: Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ni dai namu ya fi mini daɗi, don ka ji Tanko ka san namiji ne bayan mata, ka ji Gambo ka san tagwaye ya biyo. Amma kwamfuta ba ta san daɗi ba.

Tun 2016 doka ta ɗora wa masu gidajen haya a Ingila su tabbatar kana da izinin zama kafin su miƙa maka makulli. Na sami ɗaki kusa da wurin aiki, har na ba da kafin alƙalami. Matar da ke ofishin dillalan ta jera takarduna a tebur: wasiƙar wurin aiki ta ce Muhammad Abubakar, fasfo ya ce Mohammed Danlami, takardar makaranta da na ɗauko don ƙarin hujja ta ce Danlami Garba. Da hannuna na ƙara wa kaina mutum na uku. Na zauna ina yi mata bayanin ranar Alhamis da alkunya da yadda Garba shi ne Abubakar. Ta saurara har ƙarshe, ta ce gaskiya al'ada ce mai ban sha'awa, ta maido mini da kuɗina. Mako shida na yi a falon wani Bazazzagi da ban taɓa gani ba sai a sahun Juma'a, matarsa na aiko mini da tuwo kamar ƙaninta. Allah ya saka musu da alheri, wannan hali na mutanenmu ban ga kamarsa ba a nan. Ana cikin haka yayana ya turo mini kuɗi da sunan Danlami Garba, banki ya riƙe, sai da aka mayar masa ya sake aikowa.

To ƙanina, fasfo ne alƙalinka. Abin da ke ciki shi za ka kwafa a kowane fom, harafi bayan harafi, ko da an rubuta sunanka yadda ba ka so. Duba layi biyun nan na ƙasan shafin hotonka: babu ɗ, babu ƙ, kuma Sa'adu ya koma Saadu, Rabi'u Rabiu. 'Yan'uwanmu na Nijar, in an rubuta muku Mahamadou ko Ousmane, ku bar shi haka, kada ku gyara a nan. Wanda takardunsa suka saɓa, ya yi takardar rantsuwa a kotu tun a gida, ya daidaita lambar ɗan ƙasa ta NIN da fasfo kafin ya hau jirgi. A nan ana iya sauya suna, amma hukumar shige da fice ba za ta taɓa bizarka ba sai ka fara gyara fasfon ƙasarka.

Masu iyali, matarka ba dole ta ɗauki sunanka ba, takardar aure dai ta kasance a hannu. In an haihu, a asibiti sunan iyalin uwa za a ɗaura wa jariri a ƙafa, kada ka tayar da hankali. Kwana 42 gare ka ka yi masa rajista a Ingila, 21 a Sikotilan, ka ga sai a yanka rago ranar bakwai a tsanake. Ni sunan da ke fasfona na ba 'ya'yana duka, don kada a tsare mu a filin jirgi ana tambayar ko 'ya'yana ne. Yanzu 'yata Maryam Danlami take amsawa, sunan da kakarta ta laƙaba mini don kunya.

Watan jiya wani yaro ya kira ni daga filin jirgin Abuja yana kuka-kuka, an hana shi hawa. Abokinsa ne ya saya masa tikiti, ya rubuta Abba, don duk duniya haka ake kiransa. A fasfo Sulaiman ne. Kuma sau biyu na gaya masa kafin ranar.