Yadda malamin jami'a zai kula da yanayinsa don ɗalibai su biyo shi a lakca

Malam, tun kafin ka buɗe baki ɗalibai sun gama karanta fuskarka. A 1993 masana halayyar ɗan Adam Nalini Ambady da Robert Rosenthal sun nuna wa wasu mutane bidiyon malaman jami'a na daƙiƙa 30 kacal, babu sauti, kuma hukuncin da suka yanke a kan malaman ya yi kama sosai da wanda ɗalibansu suka bayar a ƙarshen semesta. To ka ga abin ba wasa ba ne.

Ka fara tun daga bakin ƙofa. In ranka a ɓace yake, ko daga gida ko daga ofis, tsaya minti ɗaya ka ja numfashi kafin ka shiga, don in ka shigo fuska a murtuke ka dangwarar da jaka a tebur, wallahi an gama, kowa zai sunkuyar da kai kan waya yana addu'ar kada ka kira sunansa, mai tambaya ma sai ya haɗiye abarsa.

Inda ya fi muhimmanci shi ne lokacin da ɗalibi ya ba da amsa ba daidai ba. A nan ne sauran ajin ke zuba maka ido su ga abin da za ka yi masa. Kar ka yi tsaki, kar ka ce "a haka ka shigo jami'a?". Tambaye shi ta ina ya bi ya iso wannan amsar, sau da yawa za ka tarar rabin hanyar daidai ce, wuri ɗaya ya kauce, sai ka kama wurin ka gyara. Ka gwasale mutum ɗaya a gaban jama'a, ka rufe bakin ajin gaba ɗaya har ƙarshen semesta, kuma wannan abin yana min ciwo sosai don masu kunyar nan galibi suna da abin faɗa.

In ka yi tambaya ka ɗan jira. Wata mai binciken harkar koyarwa, Mary Budd Rowe, ta gano malamai kan jira kusan daƙiƙa 1 ne kawai, in aka kai 3 amsoshi kan ƙara tsawo, masu ɗaga hannu su ƙaru.

Kuma in akwai wurin da ke burge ka a darasin, ka bari a ji a muryarka. In fushi ya kufce maka wata rana, lakca ta gaba ka ce a yi haƙuri, sannan ku ci gaba daga inda kuka tsaya.