Yadda Ake Auna Ɗan Tseren Jiya da Na Yau Ba Tare da An Zalunci Kowa Ba

A fili guda na birnin Berlin Jesse Owens ya ci zinare huɗu a 1936, a nan ne kuma Usain Bolt ya gama mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a 2009. Duk inda masu son guje-guje da tsalle-tsalle suka zauna sai musun ya taso: da za a jera su biyun, wa zai riga? Mai gaggawa sai ya ajiye 10.2, gudun Owens mafi kyau, kusa da 9.58 ya ce magana ta ƙare. Da sauran magana, domin ba da mudu ɗaya aka auna lambobin nan ba.

Kafin ka fara, raba tambayarka biyu. Akwai "wa ya fi sauri ko nisa a zahiri", akwai kuma "wa ya fi yi wa abokan zamaninsa fintinƙau". Ta farko ana amsa ta ne da tace lamba daga duk abin da ya taimaka mata ko ya tauye ta. Ta biyu sai ka duba tazara, daɗewa a kan gaba, da irin damar da mutum ya samu. Yawancin musun da ba ya ƙarewa, ɗaya na amsa ta farko ne, ɗayan na amsa ta biyu.

Wa ya riƙe agogon?

Wannan ne matakin farko, kuma shi aka fi tsallakewa. Idan ka ga lokacin gajeren tsere da lamba ɗaya bayan ɗigo, kamar 10.2, ko da harafin h a gefensa, alƙali ne ya latsa agogo da yatsa. Idan lamba biyu ce, kamar 10.25, na'ura ce da ke haɗe da bindigar tashi da kyamarar bakin layi. Alƙalin da ke tsaye a ƙarshen layi sai ya ga hayaƙin bindiga sannan yake latsawa, wato ya makara kaɗan, a wajen tsayarwa kuwa yakan yi hanzari saboda yana ganin ɗan tsere na tahowa. Kuskuren biyu duka rage lokaci suke yi.

Ƙa'idar masu adana alƙaluma ita ce ka ƙara 0.24 a kan lokacin hannu a mita 100 da 200, ka ƙara 0.14 a mita 400. An rage na 400 ne domin can alƙali yana kusa da mai harba bindiga. Armin Hary na Jamus ya yi 10.0 na hannu a Zurich a 1960, na'urar da ke gefe a ranar ta nuna 10.25. Da wannan lissafi 10.2 ɗin Owens zai koma kimanin 10.44. Tun daga 1977 hukumar wasannin ta duniya ba ta karɓar lokacin hannu a matsayin tarihin duniya a tseren da bai wuce mita 400 ba. Ka kula, har yau ana riƙe agogo da hannu a wasannin makarantu da ƙananan gasa. Yaron da aka ce ya yi 10.3 a gasar jiha, ka fara tambayar wa ya auna kafin ka kwatanta shi da kowa.

Iska da tudu

A mita 100, 200, gajeren tseren tsallake shinge, dogon tsalle da tsalle uku, iskar da ke turo mutum daga baya ba za ta wuce mita 2.0 a daƙiƙa ba. Idan ta wuce, nasarar tana nan, amma lambar ba ta shiga kundin tarihi, ana kuma liƙa mata harafin w. A tseren gudu, ma'aunin iskar na tsaye ne mita 50 kafin layin ƙarshe, tsayinsa mita 1.22. Yana auna daƙiƙa 10 a mita 100, daƙiƙa 13 a tsallake shinge, daƙiƙa 5 a dogon tsalle.

Ranar 24 ga Yuli 2022 a gasar duniya a Eugene ta Amurka ta isa darasi. Tobi Amusan ta Najeriya ta yi 12.12 a mita 100 na tsallake shinge a zagayen kusa da na ƙarshe, iska na +0.9, ta kafa tarihin duniya. Bayan ɗan lokaci a wannan yammacin ta yi 12.06 a zagayen ƙarshe, ta ci zinare, amma iska ta kai +2.5, don haka 12.12 ce a kundi. Haka a dogon tsalle a Tokyo a 1991: Carl Lewis ya dira a mita 8.91 da iska +2.9, Mike Powell ya dira a 8.95 da iska +0.3. Duk wanda ya ce tazararsu santimita huɗu ce kacal bai karanta abin da ke gefen lambar ba.

Ko a cikin iskar da aka halatta akwai bambanci mai yawa. Iska +2.0 takan ba namiji kusan 0.10 a mita 100, iskar gaba kuma tana cirewa fiye da haka kaɗan. Saboda haka 9.95 da aka yi ana fuskantar iska -1.0 ya fi 9.88 da aka yi da +2.0. Shi ya sa 19.19 ɗin Bolt a mita 200 yake da nauyi, iskar ranar -0.3 ce.

Tudu kuma fuska biyu gare shi. Duk filin da ya haura mita 1,000 daga doron teku ana sa wa lambarsa harafin A. Can iska ba ta da kauri, ba ta tare ƙirji sosai, sai mai gajeren gudu da mai tsalle su amfana. Mai dogon zango kuwa numfashi ke ƙare masa. Birnin Meziko, mai tsawon kimanin mita 2,240, ya nuna duka biyun a 1968. Jim Hines ya yi 9.95, Bob Beamon ya yi tsallen mita 8.90 da iska daidai +2.0. A mita 10,000 kuwa Naftali Temu na Kenya ya ci zinare da minti 29:27, alhali tarihin Ron Clarke na lokacin 27:39 ne, shi kansa Clarke na shida ya zo, ya kuma yanke jiki ya faɗi a bakin layi. Idan kana auna 9.85 da Olusoji Fasuba ya yi a Doha a 2006 da 9.77 na Ferdinand Omanyala a Nairobi a 2021, ka sani Doha a gaɓar teku take, Nairobi kuwa a kan tudu. Omanyala na gaba, tarihinsa halastacce ne, sai dai ratar ba ta kai yadda lambar ke nunawa ba.

Ƙasa, takalmi da kayan hannu

Owens a kan toka da burbushin gawayi ya yi gudu. Kafin a tashi sai ya durƙusa da ɗan cebur ya haƙa ramuka biyu inda zai dafa ƙafa, domin sai a 1948 aka fara amfani da matokarin ƙafa a Olamfik. Irin wannan ƙasa tana zamewa a ƙarƙashin tafin ƙafa, tana cinye ƙarfin da aka taka da shi, idan an yi ruwa ta zama caɓi, layin ciki kuma ya rududduge bayan an yi ta tsere a kansa. Shimfiɗar roba ta shigo Olamfik ne a 1968. Babu wata lamba ɗaya da kowa ya yarda a cire saboda wannan, don haka kada ka ƙirƙiro taka. Rubuta kawai a gefen lissafinka cewa wannan a kan toka ne, wancan a kan roba.

Akwai inda kayan suka sauya har ya zama wasa biyu ne da suna ɗaya. Uwe Hohn ya jefa mashi mita 104.80 a 1984. Bayan nan aka matsar da tsakiyar nauyin mashin maza gaba da santimita huɗu daga 1986, don ya riƙa sunkuyar da kai da wuri ya cake ƙasa. Mita 98.48 na Jan Železný a 1996 da sabon mashi ne, kuma ba a jera su a layi ɗaya. Na mata ma an sauya shi a 1999. A tsalle da sanda, Cornelius Warmerdam ya haye mita 4.77 a 1942 da gora, yana faɗawa kan yashi da garin katako. Armand Duplantis ya haye 6.30 a 2025 da sanda mai lanƙwasa tana cilla mutum sama, katifa na jiransa a ƙasa. Cire wannan daga wancan ɓata tawada ne.

Takalman zamani masu kumfa da faranti a ciki su ne sabuwar matsala. A 2020 aka ƙayyade kaurin tafin takalmin gudun titi a milimita 40. Hanya mai sauƙi ta gane tasirin kaya ita ce ka duba waɗanda suka biyo baya. Tarihin Kevin Young na 46.78 a mita 400 na tsallake shinge ya tsaya daga 1992 har 2021. A zagayen ƙarshe na Olamfik ɗin Tokyo a 2021, Karsten Warholm ya yi 45.94, Rai Benjamin 46.17, Alison dos Santos 46.72. Mutum uku sun wuce Young a tsere guda. Ukun gwanaye ne ba shakka, amma idan garke ya zabura gaba ɗaya, sai ka duba fili da takalmi ma.

Matakin gasa

Nan ne iyaye da masu horarwa suka fi ruɗuwa. Dalmar da manya maza ke jifa kilo 7.26 ce, ta 'yan ƙasa da shekara 20 kilo 6, ta 'yan ƙasa da 18 kilo 5. Faifai kilo 2 ne, 1.75 da 1.5. Shingen mita 110 santimita 106.7 ne ga manya, 99.1 da 91.4 ga matasa. Saurayin da ya yi 13.3 a kan gajeren shinge bai kamo babban da ya yi 13.3 ba tukuna. Tsofaffin alƙaluman Amurka da Ingila kuma da yadi suke: yadi 100 mita 91.44 ne, yadi 440 mita 402.34, shi ya sa ake cire kimanin 0.3 don mayar da shi mita 400. Harafin i na nufin rufaffen zaure, inda zagaye mita 200 ne kuma kwana ta fi tsauri.

A dogon zango ka tambaya: tseren neman lokaci ne ko na neman lamba? Joshua Cheptegei ya yi 12:35.36 a mita 5,000 a Monaco a 2020 da masu ja masa gaba da fitilu masu gudu a gefen layi suna nuna masa saurin da zai bi. Kenenisa Bekele ba shi da fitila sa'ad da ya yi 12:37.35 a 2004. A gasar lambobi kuwa kowa na fakon kowa. Matthew Centrowitz ya ci zinaren mita 1,500 a Rio a 2016 da 3:50.00, lokacin da ba zai kai mutum ko'ina ba a babban taron neman tarihi.

Auna mutum da zamaninsa

Bayan ka tace lambobi, koma tambaya ta biyu. Ɗauki tazarar da mutum ya ba tsohon tarihi ko wanda ya zo na biyu, ka raba da lambar da ya wuce, ka ninka da ɗari. Beamon ya ƙara santimita 55 a kan mita 8.35, wato kashi 6.6 cikin ɗari. Powell ya ƙara 5 a kan 8.90, bai kai kashi 0.6 ba. Bolt ya ba Tyson Gay 0.13 a Berlin, kimanin kashi 1.3. Powell ya fi nisa, amma Beamon ya fi girgiza zamaninsa. Kada ka yi wannan lissafi da lokacin hannu, domin 0.1 kaɗai kusan mita guda ce a ƙasa, kuskuren yatsa zai iya cinye tazarar duka.

Sai daɗewa. Edwin Moses ya ci tsere 122 a jere a mita 400 na tsallake shinge daga 1977 zuwa 1987. Mafi kyawun lokacinsa 47.02 ne, an wuce shi tuni, amma shekara kusan goma babu wanda ya riga shi layi, kuma a ganina wannan ya fi kowace lamba guda nauyi.

Ƙirga lambobin yabo ba tare da ƙirga dama ba zalunci ne. Gasar cin kofin duniya ta wannan fanni a 1983 aka fara ta a Helsinki, duk shekara huɗu, sai bayan 1991 ta koma duk shekara biyu. Ba a yi Olamfik a 1940 da 1944 ba. Henry Rono na Kenya ya kafa tarihin duniya huɗu cikin kwana 81 a 1978, amma ba shi da lambar Olamfik ko ɗaya, domin ƙasarsa ta ƙaurace wa na 1976 da 1980. Mata ba su samu gudun fanfalaki a Olamfik ba sai 1984, tsalle da sanda sai 2000. Raba lambobin da mutum ya ci da yawan manyan gasar da ya samu halarta, shi ne adalci.

Batun ƙwayoyin ƙara kuzari, bi hukuncin da aka yanke. An soke 9.79 na Ben Johnson a Seoul a 1988, ka cire shi. Azurfar Najeriya a gudun ba-ni-in-ba-ka na mita 400 sau huɗu a Sydney 2000 ta koma zinare bayan an ƙwace na Amurka, don haka tsohon jadawali zai yaudare ka. Inda ba a kama mutum ba, kada ka yanke masa hukunci da zato. Iyaka ka rubuta cewa an yi lambar kafin gwajin ba-zata ya kankama, kamar yawancin tarihin mata na shekarun 1980.

Yanzu gwada duka a kan Owens. A mita 100, ko an yi masa rangwamen toka da rami, Bolt na gabansa da nisa. A dogon tsalle kuwa babu agogon da za a zarga, tef ne. Ranar 25 ga Mayu 1935 a Ann Arbor ya yi tsalle ɗaya tak, ya dira a mita 8.13, tarihin ya tsaya shekara 25 har Ralph Boston ya karya shi a 1960. A Olamfik na Landan a 2012, a kan roba da takalmin zamani, da mita 8.12 aka ci tagulla.