Yadda ake ɗaukar hoton HDR na jirgin da ya kafe a bakin teku

A gaɓar jihar Oregon ta Amurka, cikin wurin shaƙatawa na Fort Stevens, akwai ƙwarangwal ɗin wani jirgin ruwa mai suna Peter Iredale. An ƙera shi da ƙarfe a Maryport ta Ingila a 1890, tsawonsa mita 87, iska ke tura shi. Ya taso daga Salina Cruz ta Meziko zai je Portland, sai iska da igiyar ruwa suka jefa shi kan yashi ranar 25 ga Oktoba, 1906, kusa da bakin kogin Columbia. Ba wanda ya rasa ransa. Abin da ya rage a yau shi ne goshin jirgin da wasu haƙarƙarin ƙarfe da tsatsa ta cinye, suna tsaye a yashi.

Gaɓar tana kallon yamma, don haka rana a bayan jirgin take faɗuwa. Nan matsalar take. In ka saita kyamara don sama ta fito da launinta, jirgin ya zama baƙi ƙirin, ba a ganin tsatsa ko ƙusoshi. In ka saita don ƙarfen ya fito, sama ta ƙone ta zama fari fat. Kyamarori masu kyau suna riƙe mataki 12 zuwa 14 na haske a hoto guda, kowane mataki kuwa ninki biyu ne na wanda ke ƙasa da shi. Tazarar da ke tsakanin gefen rana da cikin inuwar jirgi takan wuce haka. Gilashin nan mai rabin duhu da masu hoton teku ke sakawa don rage hasken sama ba ya aiki a nan, saboda jirgin ya miƙe ya shiga cikin sama, sai gilashin ya duhunta samansa ya bar ƙasansa. Abin da ya rage shi ne a ɗauki hotuna da yawa daga wuri ɗaya, wasu da duhu wasu da haske, a haɗe su a kwamfuta. Shi ne HDR.

Jirgin dai ba ya motsi. Amma ruwa, gajimare, tsuntsaye, 'yan yawon buɗe ido, har yashin da ke ƙarƙashin ƙafar kyamara, duk motsi suke. Yawancin aikin na shawo kan waɗannan ne.

Kafin ka bar masauki

Duba jadawalin cikowa da janyewar teku, wanda NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, ke wallafawa kyauta a intanet. A wannan gaɓa ruwa yana cikowa sau biyu, ya janye sau biyu a yini, kimanin awa shida tsakanin cikowa da janyewa, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Ranar da ake so ita ce wadda janyewar ruwa ta zo daf da faɗuwar rana, ko ruwan yana kan janyewa a lokacin. Sannan ne ake iya takawa har gindin jirgin, kuma yashin yana nan jiƙe yana ɗaukar hoton sama. Da hunturu guguwa kan kwashe yashi ta fito da ƙarin ƙarfen da ke binne. Da bazara kuwa hazo kan taso ya rufe rana, in haka ta faru hasken ya daidaitu, hoto ɗaya na RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, ya wadatar, kada ka wahalar da kanka.

Kaya ba su da yawa: kyamarar da ke ɗaukar RAW, gilashin kyamara, wato lens, mai faɗin gani na milimita 16 zuwa 35, tiraifod, wato ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai, mai nauyi, rimot in akwai, tsumman goge gilashi guda uku ko huɗu a leda, batir na biyu, da takalmin roba mai tsawo, don ruwan wurin sanyi gare shi ko da bazara. Ɗaura gilashin da za ka yi aiki da shi tun a mota. Buɗe cikin kyamara a bakin teku gayyatar yashi da gishiri ne. Cire kowane gilashin kariya da ke gaba, saboda in ana kallon rana yakan jefa ɗigon kore ko ja a hoto. Shi ma gilashin kashe ƙyalli a ajiye shi, domin ƙyallin yashi mai jiƙa shi ake nema.

Kafa tiraifod

Nan hotuna da yawa ke lalacewa ba a sani ba. Igiyar ruwa in ta zo ta koma, tana kwashe yashi daga ƙarƙashin ƙafafun, kyamara ta nitse da milimita biyu ko uku tsakanin hoto na farko da na biyar. A allon kyamara ba za ka gani ba, sai a kwamfuta ka tarar kowane haƙarƙari ya zama biyu. Fara zaro sashen ƙasa na kowace ƙafa, ko da tsawon hannu ne, don maƙullan su tsaya sama da yashi. Danna ƙafafun cikin yashi da nauyin jikinka har su daina shiga, ka bar igiya ɗaya ko biyu su wuce ta kansu, ka sake dannawa, sannan ka daidaita hoton. Kada ka zaro sandar tsakiya. Wasu kan rataya jaka a ƙasa don ƙarin nauyi, amma in da iska jakar lilo take, sai ta ƙara girgiza.

Ka sauko da kyamara ƙasa, kamar tsawon gwiwa zuwa ƙugu. Daga nan haƙarƙarin suna fita daga layin teku su shiga sama, ba sa cakuɗewa da duhun ruwa. Ka ɗan zagaya har rana ta ɓuya a bayan ɗaya daga ƙarafan, ko ta leƙo ta gefensa kaɗan. Wannan kaɗai yana rage wahalar hasken sosai. Da allon baya za ka duba, ba da ramin leƙe ba, don kallon rana ta cikin gilashi yana cutar da ido.

Saiti

Mai da kyamara kan M, wato saitin hannu, ka zaɓi RAW, ISO (ƙarfin jin haske) 100, ƙofar haske f/11. In kana son rana ta fito da tsinke-tsinke kamar tauraro, sa f/16, amma kada ka wuce nan, hoto yakan fara laushi. Abu guda ne zai riƙa canzawa tsakanin hotunan: saurin shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga. In ƙofar haske ta canza, zurfin abin da ya fito tar yana canzawa, hotunan ba za su hau kan juna ba. Launin haske ma kada a bar wa kyamara ta zaɓa da kanta, tsayar da shi a kan hasken rana, ko 5500K.

Yi fokas sau ɗaya, ka kashe mai sarrafa kansa. A gilashin milimita 24 da f/11, a kyamara mai cikakken firam, in ka yi fokas a nisan mita 2, komai daga kusan mita 1 har ƙarshen gani zai fito. In ba wani abu kusa da kai, yi fokas a kan ƙarfen jirgin kawai, ka ƙara girman hoton a allo ka tabbatar. Kashe na'urar hana girgiza ta gilashi tunda kyamara na kan tiraifod.

Yanzu awo. Kada ka yi ƙiyasi, ka nemo iyaka biyu. Ta farko: ƙara saurin shata kana ɗauka, har gargaɗin ƙonewa ya daina ƙyaftawa a sama, in ban da ƙwayar ranar kanta, wadda ba a ceto ta kuma ba a buƙata. A ce ka samu 1/1000. Ta biyu: rage sauri har jadawalin haske, wato histogiram, ya bar bangon hagu, ka ga tsatsar cikin inuwa sarai. A ce 1/4 na daƙiƙa. Tsakaninsu mataki 8 ne. Da tazarar mataki biyu-biyu, hotuna biyar ke nan: 1/1000, 1/250, 1/60, 1/15, 1/4. Sa shata a 1/60, ka kunna AEB, saitin da ke ɗaukar jerin hotuna masu bambancin haske da kansa, a kan hoto biyar da tazarar 2, ka kunna jinkirin daƙiƙa biyu. A yawancin kyamarori dannawa ɗaya za ta sa ta zuba duka biyar ba tare da ka taɓa ta ba.

In kyamararka uku kaɗai take yi, ɗauki zubi biyu, na farko tsakiyarsa 1/250, na biyu 1/15, ka juya maɓallin a hankali. Za ka samu 1/60 sau biyu, ka yar da ɗaya. Hotuna tara da tazarar mataki ɗaya ba sa ƙara wa RAW wani abin kirki a irin wannan wuri, sai dai su ba ruwa da gajimare lokacin motsawa.

Lokacin dannawa shi ne bayan igiya ta koma, kafin wata ta iso. A 'yan daƙiƙun nan yashi yana sheƙi, ƙafafun tiraifod kuma sun natsu. Duba gaban gilashi kafin kowane zubi, don feshin gishiri yana taruwa a hankali, kuma in ana kallon rana yana mai da hoto kamar an shafa masa man kaɗe. Hura masa numfashi ka goge da busasshen tsumma, in tsumma ya jiƙe ka canza. Sake awo duk bayan minti biyu ko uku, saboda daf da faɗuwar rana haske na gudu. Tsakanin zubi da zubi ɗauki hoton tafin hannunka, zai nuna maka iyakar kowane rukuni a kwamfuta.

Akwai ƙarin hoto biyu da suka cancanci a ɗauka ba tare da an motsa kyamara ba. Ɗaya na ruwa kaɗai, a 1/4 zuwa daƙiƙa 1, daidai lokacin da kumfa ke ja da baya ta tsakanin ƙarafan, don a samu zane-zanen fari. Ɗayan kuma ka sa yatsa ka tare rana daga gaban gilashi, sai ɗigon hasken da ya faɗa kan jirgin ya ɓace, daga baya ka ɗauki wannan sashen daga nan.

Bayan rana ta faɗi a kula da wani tarko. Yawancin kyamarori ba sa wuce daƙiƙa 30 a AEB, don haka hotuna biyun ƙarshe na iya fitowa iri ɗaya, inuwa ba ta buɗe ba. Ɗaga ISO zuwa 400 ga zubin gaba ɗaya.

Kada ka juya wa teku baya. Gaɓar Oregon ta yi suna da igiyar ba-zata da ke haurowa nesa da inda sauran ke tsayawa, tana kuma iya mirgino manyan kututtukan itace da ke kwance a yashi. Ƙarfen jirgin ma yana da kaifi, ba abin hawa ba ne.

Haɗawa a kwamfuta

A manhajar gyaran hoto ta Lightroom, zaɓi hotunan biyar, ka shiga Photo Merge, ka zaɓi HDR, ko ka danna Ctrl da H. Bar Auto Align a kunne ko da ka yi amfani da tiraifod, saboda nitsewar nan ta yashi. Kashe Auto Settings. Sai Deghost, mai share fatalwar abin da ya motsa. Fara da Low, ka kunna alamar da ke nuna inda ya taɓa. Abin da yake yi shi ne ɗauko wurin daga hoto guda, in kuwa hoton mai duhu ne, wurin zai cika da ƙwayoyin tsakuwa idan aka haska shi. Shi ya sa High ba kullum ya fi ba. In ruwan ya ƙi, haɗa da None don jirgi da sama su fito tsaf, ka kai Photoshop, ka ɗora hoton ruwan da ka ɗauka daban, ka goge shi ciki da burushi mai laushi. Wanda ba shi da Lightroom, Photomatix na wannan aiki, Luminance HDR kuma kyauta ne.

Fayil ɗin DNG, wani nau'in RAW, da zai fito zai yi kama da hoto mara armashi, haka ya kamata. Kunna gyaran gilashi da cire zaren launi na gefe tun farko, domin gefen ƙarfe mai duhu a kan sama mai haske shi ne inda zaren shunayya da kore ke fitowa, haɗawa kuma tana ninka shi. Sauke Highlights, mai kula da wuraren haske, zuwa wajen -60, ɗaga Shadows, mai kula da inuwa, zuwa +40 ko +50, sannan ka mai da Blacks ƙasa kaɗan don a samu baƙi na gaske a wani lungu. Jan Highlights da Shadows duka biyu har ƙurya shi ke haifar da farin rawani kewaye da kowane haƙarƙari, da sama mai datti. Ƙanƙanta hoton a allo ya koma kamar girman akwatin ashana, in akwai rawanin nan take zai bayyana. Maganinsa rage Shadows da Clarity, a haska jirgin shi kaɗai da burushi, ana tsayawa kaɗan kafin a kai gefe.

Ƙa'idar da ba a karyawa: abin da rana ke bayansa dole ya fi sama duhu, kuma hoton sama a yashi ya fi ita saman duhu kaɗan. Da zarar jirgi ya kai hasken gajimare, ido ya gane ƙarya ce. Tsatsa ma takan yi ja fiye da kima, sai a rage ƙarfin launin ruwan lemo da ja da 10 zuwa 15. Daidaita layin teku ya miƙe, share ɗigon ƙura da f/11 ke tonowa a sama, ka fitar da JPEG a sRGB, dogon gefe fiksel 2048 in Facebook za a sa.

A daren nan, kafin gishiri ya bushe, zare ƙafafun tiraifod gaba ɗaya ka wanke su da ruwan famfo, ka kwance maƙullan ka fitar da yashi, ka bar su a buɗe su sha iska. Jikin kyamara kuma a goge shi da tsumma mai ɗan danshi, sannan busasshe.