Cizo, Zazzaɓi da Ƙarancin Kuɗi a Mako Guda: Wanne Gida Zai Fara Kamawa?

Akwai makon da komai ke haɗe wa gida a Jos: yaro ya kwanta da zazzaɓi, karen gadi ko kyanwar gida ta canja hali har ta ciji wani, ga wata ya yi nisa. Abin da ke hannu ba zai ishi duka ba, don haka a fara da wanda ba zai jira gobe ba.

Cizon shi ne farko, ko da yakushi ne da ya fasa fata kawai. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur, ana duba agogo. In ba famfo, wani ya riƙa zuba ruwa da buta, wani yana wankewa. Sannan a shafa aidin. Kada a zuba toka, manja ko barkono, kada a ɗaure da tsumma. A ranar a tafi asibiti: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, Asibitin Ƙwararru na Filato ko Jankwano. Rigakafin ciwon haukan kare ba allura ɗaya ba ce. Tsarin da aka saba shi ne ranar farko, rana ta 3, ta 7, sai wata daga rana ta 14 zuwa ta 28, kuma a bi ranakun da likita ya rubuta. In cizon ya yi zurfi, ko a fuska, wuya ko yatsu ne, a tambayi likita batun ƙarin allurar da ake yi a cikin raunin kansa, da ta tetanus. Inda gidaje ke yin kuskure shi ne a yi allurar rigakafin ta farko, rauni ya warke, a ce an huta. Warkewar fata ba ta nuna komai. Ƙwayar cutar jijiya take bi zuwa ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamu sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira.

Ita dabbar, kada a kashe ta a yar, kada kuma a sayar wa masu sayen karnuka. A kulle ta kwana 10, a riƙa tura mata abinci da ruwa daga nesa, yara su kauce. In ta fara dalalar da miyau, ko ta shanye, ko ta mutu, a kira likitan dabbobi. Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana gwada ƙwaƙwalwar dabba, amma ba aikin maigida ba ne ya yanke kan da hannunsa. Ba a jiran kwana goman kafin a fara wa mutum allura. Kada kuma tausayi ya sa a ba kyanwa farasitamol, kashe ta yake yi.

Zazzaɓin yaro kuwa, gwaji kafin magani. A asibitin sha-ka-tafi ɗigon jini ɗaya ya isa, sakamako ya fito cikin minti 15 zuwa 20. In maleriya ce aka ba da maganin artemether-lumefantrine, sau 6 ake sha a kwana 3: na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran safe da dare. Nauyi ke yanke yawan ƙwaya, shi ya sa a ɗora yaron a sikeli. A ba shi da madara ko kunun gyaɗa, domin maiƙo ke sa jiki ya karɓi maganin. Kada a rage ƙwayoyin a ajiye wa ƙaninsa don an ga jiki ya yi sanyi a rana ta biyu. Ciwon zai dawo, a sake kashe wasu kuɗin. Farasitamol kada ya wuce sau 4 a awa 24.

In akwai tari, musamman a sanyin Disamba da Janairu, a ƙirga numfashinsa minti ɗaya yana kwance shiru. Sau 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar limoniya ce. Jijjiga, amayar da komai, ƙin nono ko sha, barcin da ba a iya tashinsa: waɗannan na asibiti ne ko da tsakar dare. Kuma komai sanyi, kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe.

Sai kuɗi. A zauna daren farko, maigida da uwargida, a rubuta ranakun allura, a ware kuɗinsu da na Keke Napep a ambulan daban. Wanda ke da katin inshorar lafiya ta Jihar Filato (PLASCHEMA) ya tafi da shi. A kantin magani a nemi mai rahusa mai lambar NAFDAC, ba lallai sai mai suna ba. Cefane ya koma gwate, dankalin turawa da wake. Mudun hatsi a Katako da ganye a Farin Gada sun fi sayen ɗai-ɗai a unguwa sauƙi. A roƙi uwar adashi ta musanya kwasa, ya fi bashin manhajar waya mai kuɗin ruwa. In za a nemi ɗan'uwa, a faɗi abu ƙarara: "Yaya, allurar Laraba ce ta rage wa Auta, kaza nake nema, zan mayar ƙarshen wata in Allah ya yarda."

Jinyar dare a yi ta karɓa-karɓa. A manna takarda a bango, duk wanda ya ba da magani ya rubuta lokaci, don kada Inna ta bayar, Goggo ta shigo ta ƙara.